Saura Ɗaya a Dutsen Shirwa

Yelwan Yauri,
Talata.

Ƙanena Dauda,

"Yaya, ki bar shi ya hau. Tun azahar ina zaune gaban tawa na'urar. Ko duniya duka ta yi masa shiru ni zan amsa, ya tattara ya sauko kafin la'asar. In kuma wani abu ya taso, kafin ki gama ɗaura ɗankwali na iso Yauri."

Ka gane maganar? Taka ce. A tsakar gidana ka faɗe ta, zuwanka na ƙarshe duba Inna, kana zare ƙaya daga giwan ruwan da na soya maka. Na sa ta gaba da sallama ne don ko ka gaji da karatu a layi na uku, ka riga ka bi ta kanta.

Yanzu sai gaisuwa, don Inna ba ta yi sakaci da tarbiyyarmu ba. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Mariya da yara, da fatan ƙaramin ya gama fama da haƙora. Ya aiki, ya ɗalibai, ya ruwan Kaduna? Mu nan ruwa ya yi gyara, tafki ya cika har ya shiga gonakin bakin gaɓa. Inna tana nan da ciwon ƙafarta. Ɗankwalina kuwa na ɗaura na kwance, na sake ɗaurawa, ko ƙeyarka ban gani ba.

Wayarka tana shiga, ba a ɗauka. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, na ba Illo direba, na ce ya sa maka a hannu, kada ya ba maigadi, kada ya ba yaro.

Na san ka ji labari, don duk mai waya a ƙasar nan ya ji. Amma abin da ka ji na masu ɗaukar hoto ne. Ga na matar Malam.

Ranar Asabar ɗin da kuka shirya, Malam ya fita bayan sallar asuba. Ni na taya shi ɗaure kayan a bayan babur: gwangwanin rediyon, da batir, da gorar nan ta masu tuƙa jirgi da ya yanka uku don ta ɗauku, da ƙullin waya, da zaren fatsa mai dalma a baki wanda yake jefawa kan reshe. Na zuba masa kunun gyaɗa marar suga a fulas, na ƙulle ƙwayoyinsa a bakin hankici. Ya ce Dutsen Shirwa za shi, can ƙasar Ngaski, bayan Tungar Baushe, don daga kansa ana ganin ruwan Kainji har inda ido ya ƙare, kuma ba wanda ya taɓa yin kira daga can. Yana faɗa yana murmushi kamar ango. Mutumin da ya koyar da kimiyya har furfura ta cika masa gemu.

Wajen la'asar 'yan bindiga suka faɗa Tungar Baushe. Suka kashe, suka ƙona rumbuna, suka kora shanu, suka tafi da mutane. Da waɗanda suka tsira suka fito daga cikin dawa, wani ya ɗaga kai ya ga gora tsaye a kan dutse, waya tana ƙyalli a rana. Suka hau. Suka tarar da baƙo a zaune, ya lulluɓe kai, yana ƙwanƙwasa wani ƙarfe da yatsa, hayaƙin garinsu yana tashi a bayansa.

Ka sa kanka a wurinsu, Dauda. Ni na sa kaina, shi ya sa har yau na kasa tsine musu.

Sun doke shi. Wani tsoho ne ya kwanta a kansa har jami'an tsaro suka iso suka karɓe shi. Ni kuwa a wayar maƙwabciya na fara gani, an rubuta wai an kama infoma da na'urar kiran 'yan ta'adda. Fuskar ban gane ta ba da farko. Gwangwanin na gane. Gwangwanin biskit ɗina ne da nake ajiye zare da allura, wanda ya roƙe ni ya huda masa ramuka uku.

Na je inda suke tsare da shi, na kai takardar izininsa. Jami'in da ke riƙe da maganar, wani mai suna Andrew, ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai. Ya ajiye gwangwanin a tebur tsakaninmu yana jujjuya shi, yana neman sunan kamfani. Babu komai sai hoton biskit. Ya buɗe, ga waya an nannaɗe a jikin kwalbar maganin suga, ga ɗigon dalma ko'ina, ga guntun zarto da aka mayar abin ƙwanƙwasawa. Babu wurin magana, babu wurin jin murya. Ya ce, "Malama, da na kasuwa ne da na duba suna na tambayi masu sayarwa. Wannan wa zan tambaya?"

Na tuna yadda kai da Malam kuke zama kuna yi wa masu sayen na kanti dariya, wai sun sayi rediyo ba su san cikinsa ba. To ga naku na hannu, ba mai sanin cikinsa a jihar nan sai wanda ke kulle.

Na yi wa Andrew bayani iyakar abin da na tsinta a shekarun da nake shara ina jin tit-tit a ɗakin baya. Na ce wasa ne na masu rediyo. Mutum ya hau dutse, ya kafa eriya, ya ƙwanƙwasa kira, wani a wata ƙasa ya ji ya amsa, su gaya wa juna ƙarfin sautin, shi ke nan. Na ce a dokar wasan hawa ba ya ƙirguwa sai mutum huɗu sun amsa. Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita kamar tatsuniya. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce takardar ta nuna Malam yana da izinin riƙe rediyo, ba ta nuna da wa yake magana ba sa'ad da gari ke ci da wuta. Ya ce Malam da bakinsa ya faɗa cewa uku Turawa ne, na huɗun da yake jira yana cikin ƙasar nan. Da aka ce wane ne, sai ya rufe baki. Har yau bai buɗe ba.

Ya tambaye ni ko na san mutumin. A lokacin an fito da Malam bakin ƙofa, ido ɗaya a kumbure, ya dube ni da ɗayan ya girgiza kai. Sai na ce ban sani ba. Ni Hasiya, da nake buga tebur a aji in ɗaliba ta ce akuya ta cinye aikinta.

Ka zo, Dauda. Ka ɗauko taka na'urar da takardarka, ka ce ni ne, surukina ne, wasa muke yi, ga yadda ake yi. Kai malamin lantarki ne a babbar makaranta, bakinka zai fi nawa nauyi. Ban tambaye ka abin da ya hana ka amsa masa ranar ba. Wataƙila wuta aka ɗauke, wataƙila iska ce ta ƙi. Za mu yi wannan maganar wata rana a kan tabarma. Yanzu ka zo kawai.

Na haɗa maka bandar kifi, ta Mariya ce. Ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Hasiya.

Yelwan Yauri,
Laraba.

Dauda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma kifin ya isa bai farfashe ba.

Illo ya dawo da buhun shinkafa da jarkar mai da 'yar takardarka. Ya ce ka karɓi tawa ka sa a aljihu, ka tsaya kana tambayarsa lafiyar hanya. Na karanta amsarka tsaye a bakin zaure, don ba ta kai ta zama ba. Ka ce a bari ƙura ta lafa. Ka ce ka yi magana da wani lauya. Ka ce in yi haƙuri, kana addu'a.

Ni na koya maka rubutu, a kan murfin tukunya da gawayi, saboda haka na san hannunka in yana rawa. Na kuma lura ba ka rubuta sunan Malam ba ko sau ɗaya, kuma ba ka sa naka a ƙasa ba. Na yi shekara da shekaru ina koya wa 'yan mata yadda ake karanta abin da marubuci ya ƙi faɗa. Ban taɓa zaton a kanka zan yi aikin ba.

Shinkafar ba mu ci ba. Na ɗauke ta na kai Tungar Baushe.

I, na je. Na shiga jirgin ruwa daga nan, na sauka na hau kabu-kabu. Tun kafin a shiga garin wari yake tarar mutum, warin gero ƙonanne, kamar an gasa tumun duniya duka an manta da shi a wuta. Rumbuna sun zama baƙaƙen tukwane marasa murfi. Mata suna tsintar abin da bai ƙone ba suna sheƙewa, rabinsa toka. Na sa niƙabi, abin da ban saba ba, don kada a gane matar wa ce. Amma da na tambayi gidan tsohon da ya kwanta a kan baƙo, kowa ya gane. Ba wanda ya zage ni. Wata mata ta nuna mini gidan da haɓa, ta ci gaba da shiƙarta.

Sunansa Tamada. Bakambare ne, ya tsufa ƙwarai, bayansa har yanzu da shatar sandunan da aka yi nufin Malam da su. A gindin mangwaronsa Malam ya bar babur da safen nan, ya gaishe shi, ya ba shi goro, ya nemi izinin hawa. Ɗansa Joshua yana cikin waɗanda aka tafi da su.

Ga abin da ya gaya mini, ka karanta a hankali. Wajen azahar labari ya iso cewa an ga babura da yawa a mashaya ta gabas. Tsohon nan, da gwiwoyinsa, ya hau Dutsen Shirwa don ya gaya wa baƙonsa. Ya same shi cikin farin ciki. Malam ya cire abin sauraren rediyon daga kunne ɗaya ya sa masa. Tamada ya ce, "Na ji kamar gyare na kuka cikin kwalba." Malam ya ce masa wannan gyaren daga Italiya yake, kafin shi an yi na Sifen da na Afirka ta Kudu. Tamada ya ce masa, Malam, tattara mu sauka, daji ba lafiya. Malam ya ce, "Saura ɗaya, Baba. Wannan na gida ne, ba ya saɓa alkawari. Yanzu za ka ga na biyo ka."

Tsohon ya sauka don ya kai jikokinsa cikin dawa. Malam ya mayar da abin kunne, ya ce iska tana hana shi ji, ya naɗe kansa da rawani a kan kunnuwan duka biyu. Ka san yadda kuke yi in kuna farautar sauti mai rauni, ka rufe ido, ka daina numfashi, ko tukunya ta faɗi a bayanka ba ka sani ba. Sau nawa na tsaya a kansa da abinci ina magana kamar da bango. Haka ya zauna daga azahar har la'asar yana ƙwanƙwasa lambar kiranka. An yi harbi a gindin dutsen, mata sun yi kururuwa, shanu sun bi ta ƙasa da shi, bai ji ba. Kai yake saurare.

Da Tamada ya gama, ya dube ni ya ce, "To shi wanda ba ya saɓa alkawarin, ya amsa?" Can sai ya sake cewa, a hankali, ko wannan gwangwanin zai iya jin inda aka kai Joshua, tunda yana jin Italiya. Dauda, na karanta littattafai da yawa a rayuwata, na tarihi da na ƙagagge da na wa'azi, ban taɓa cin karo da abin da ake ce wa uba a wannan wurin ba. Na ce masa ba ya iyawa. Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani.

Ya je ya ba da shaida, ka sani. Samarin garin sun ce tsufa ne, an yaudare shi da goro. Kuma shaidar tasa ta ƙara ɗaure Malam, don ta tabbatar akwai wani na gida da ake jira.

Na ce ba zan tambaye ka inda kake ranar ba. Ban tambaya ba, Mariya ce ta faɗa. Na kira ta ta wayar maƙwabta, ta ɗauka don ba ta san lambar ba. Baiwar Allah, tana kuka tana jajanta mini, tana cewa ai ranar ma ba ku gida, kun tafi walimar tarewar shugaban sashenku tun hantsi, sai bayan magariba kuka dawo. Ba ta san abin da take gaya mini ba. Kada ka yi mata faɗa.

Ashe ba wuta aka ɗauke ba. Kana can kana yaba tayil ɗin wani, kana cin soyayyar kaza, don ƙarin girman da kake jira ya fito.

Ka ji ni da kyau. Mantuwa ta ɗan Adam ce. Wallahi da ka zo ka durƙusa ka ce Yaya na manta, da na zage ka tas, na zuba maka tuwo. Ba kai ka kawo 'yan bindiga ba, ba kai ka naɗa masa rawani a kunne ba. Shi ma ina da tawa maganar da shi in ya fito, dattijo da hankalinsa a gaya masa daji ba lafiya ya tsaya cika huɗu. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne na yau, da na jiya, da na shekaranjiya. Kowace safiya kana tashi ka sake zaɓen kada ka zo. Wannan ba mantuwa ba ce.

Na nemi wasu daga cikin 'yan wasanku, tunda dama ba ku da yawa. Ɗaya tsoho ne a Legas, ba ya iya tashi daga gado, ya yi kuka a waya. Ɗaya da ya ji kalmar tsaro ya ce ba shi ba ne, na yi kuskuren lamba. Ko sun zo ma, ba su ake jira a kan dutsen ba.

Labarin gida kuwa, 'yarmu Jummai ta daina zuwa Islamiyya, don an rubuta mata 'yar infoma a bayan allo. Mai kifin da na shekara goma sha ina saye a wurinta, jiya na tsaya gabanta ta ce an riga an saye, ga tire cike. A makaranta an ce in ɗan huta a gida har abubuwa su daidaita, an karɓi makullin ɗakin karatu daga hannuna da ladabi mai yawa. Masu zuwa gyaran fitila da rediyo kyauta wurin Malam, yanzu ta bayan layi suke zagayawa.

Inna ba ta san da hannunka a ciki ba. Kullum sai ta ce, "Wai mi ya hana Dauda zuwa? Shi da Malam awa hanta da jini." Nakan ce aiki ne. Ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci.

Ka zo ranar Juma'a, motar Illo tana tasowa da sassafe.

Yayarka,
Hasiya.

Yelwan Yauri,
Alhamis.

Dauda, ɗan Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mariya da yara. Ina fatan lafiyarka ƙalau, kuma da gaske nake, don ina bukatarka da lafiyarka.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Na daina zuwa tasha da kwanon abinci, don 'yan kamasho sun fara tausaya mini, kuma tausayinsu ya fi zagin unguwa ciwo.

Jiya aka bar ni na ga Malam, muka zauna a benci ɗaya. Ba zan ɓoye maka komai ba. Raunin da aka yi masa a ƙafar hagu bai rufe ba. Ka san mai suga da rauni. Yatsu biyu sun yi baƙi, kuma baƙin ya fara hawa. Kafin in ga ƙafar na ji warinta. Ana ba shi ƙwayoyin da nake kaiwa, wani lokaci a kan kari, wani lokaci in an tuna. Ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Muna zaune yatsan nan nasa yana ta bugun gwiwarsa, tit-tit, bai ma san yana yi ba. Ban tambaye shi ko wa yake kira ba.

Ka san abin da ya fara tambayata? Ko ƙarin girmanka ya fito.

Na gaya masa maganar walima. Na yi zaton zai yi fushi, har ina so ya yi, don in samu abokin fushi. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Dauda ke nan. Ai na ce ko batirinsa ne." Na ce masa zan faɗi sunanka. Nan ne fuskarsa ta canja. Ya ce yaranka ƙanana ne. Ya ce in aka riƙe ka, aikinka ya tafi ko da an sake ka daga baya, don irin wannan tabo ba ya wankuwa. Ya ce Inna ba za ta ɗauki biyu ba. Ya ce shi ya ja ka hawan duwatsu, kai a ɗaki kake wasanka. Sannan ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba tun aurenmu, ya ce, "Hasiya, in kika faɗa ban yafe ba. Kuma ki san ba a gidana za ki kwana ba."

Tunda aka kawo ni gidan mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar da ya fara yi mini barazanar saki, a kanka ya yi.

Da zan fita Andrew ya tsayar da ni a baranda. Ya ce, "Malama, ni ban yarda tsohon nan ɗan ta'adda ne ba. Amma yardata ba ta shiga fayil." Ya ce ranar Litinin da hantsi za a kwashe waɗanda aka kamo kan harin a wuce da su gaba, Malam yana ciki, kuma daga nan maganar ta bar hannunsa. Inda za a kai su, ya ce, ba a kai wa mutum kunu, ba a tambayar wa ke da suga. Ya ce in mutumin da ake jira ya zo da ƙafarsa kafin lokacin, da na'urarsa, za a sa ɗaya a wannan ɗaki ɗaya a wancan, shi Andrew ya rubuta magana ya ba ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya ga ko ɗayan zai rubuto ta daidai, a yi ta yi har manyansa su gamsu cewa abin da ake faɗa ke nan. Ya ce da wannan zai iya rubuta abin da zai kai Malam asibiti maimakon mota. Ya ce in kuma suna kawai aka ba shi, zai aika a ɗauko mai sunan, kuma zai iya riƙe Malam a nan har a kawo shi. Amma wanda aka ɗauko da wanda ya zo, ba iri ɗaya ake rubuta su ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ko ka zo da kanka ban ce za ka kwana a gida ranar ba. Ban ce aikinka zai tsira ba. Ban ma ce ƙafar za ta tsira ba, na ga irinta a jikin Baba kafin ya rasu, kai kana ƙarami ba ka tuna ba. A littattafan da nake ba 'yan mata, in aka kama marar laifi akwai wanda ke shigowa a babin ƙarshe yana haki, a kwance ankwa, kowa ya koma gida. Na daina ba kaina wannan labarin. Tungar Baushe ba za ta dawo ba, Joshua bai dawo ba, sunanmu a garin nan ya riga ya lalace. Abin da ya rage kaɗan ne, mutum ɗaya ya mutu a kan gadonsa in lokacinsa ya yi, ba a bayan mota ba. Shi nake nema.

Na goya ka, Dauda. Ranar da ka faɗa ruwa a bakin kasuwa ni na shiga da zanena na jawo ka, ban iya iyo ba. Ba gori nake yi ba. Ina gaya maka ne don ka san wadda za ta yi abin da zan faɗa yanzu ba maƙiyiyarka ba ce, kuma ba za ta ji daɗinsa ba ko na rana ɗaya.

Motar Illo tana isowa Yelwa ranar Lahadi bayan la'asar. Na riga na gaya masa ya bar maka gidan gaba, ya bar wurin akwatin na'urarka. Zan tsaya a tasha har fasinja na ƙarshe ya sauka.

In ba ka ciki, daga tasha gidan Inna zan wuce. Zan zauna a gabanta in gaya mata duka, da alkawarin, da walimar, da shinkafar, don kada ta ji a bakin 'yan unguwa. Litinin da sassafe, kafin a tayar da motarsu, zan shiga wurin Andrew in ce na yi ƙarya, na san mutumin. Zan ba shi sunanka da sunan mahaifinmu, da makarantar da kake koyarwa, da layin gidanka, da launin ƙofar. Daga nan in dawo in haɗa kayana a ɗaki, in jira hukuncin Malam. In ya fito ya sake ni, ya sake ni. Zan karɓi takardar da hannu biyu, tunda mai rai ne ya rubuta ta.

Ka gaida Mariya. Ka gaya mata da bakinka kafin Lahadi, ko ta wace hanya ka zaɓa, ta haɗa maka kaya masu ɗan kauri.

Wassalam.

Yayarka,
Hasiya.